Gashin rago a kan gawayi ranar biki: ɗungurungum, a shimfiɗe ko gunduwa-gunduwa?

Duk wanda ya kira ni kan maganar gasa rago guda a biki, tambayar farko da nake masa ita ce ƙarfe nawa za a ci, ba wane irin yaji yake so ba, dan wallahi yawancin gashin da na ga ya lalace ba kayan haɗi ne suka kashe shi ba, agogo ne. A walimar ƙanena muka fara koyon wannan darasin, an ɗora rago bayan azahar da niyyar ana idar da magariba a zauna a ci, waje ya yi jawur ya yi kyau kowa na ɗaukar hoto, ana saka wuƙa a cinya sai ga jini na tsattsafowa daga jikin ƙashi. Dole aka yayyanka aka mayar kan raga, dattawan da aka gayyato tun daga nesa suka tafi da shinkafa kawai a cikinsu, har yau in na tuna abin yana min ciwo dan ba kuɗin ragon ba ne, mutuncin baƙi ne.

To ga yadda abin yake. Hanya uku ce dai mutum zai bi in gawayi zai yi amfani da shi. Ko a tsire ragon ɗungurungum a jikin rodi a riƙa juya shi a kan garwashi a fili, ko a fasa ƙirjinsa a danne ƙashin baya ya buɗe ya kwanta a shimfiɗe cikin duro mai murfi, ko kuma a raba shi gunduwa-gunduwa, cinya daban, kafaɗa daban, haƙarƙari daban, a gasa irin na masu balangu. Dukkansu nama ne mai daɗi in an iya, amma lokacin da kowace ke ci da gawayin da take sha da yawan hannun da take buƙata ba ɗaya ba ne ko kusa.

Kafin nan sai ka san nauyin abin da za ka ɗora, ba nauyinsa a turke ba. Rago in an yanka an feɗe an cire kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura bai cika wuce rabin nauyinsa ba, galibi kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Wato ɗan Yankasa mai kilo 40 a raye zai ba ka kamar kilo 18 zuwa 20, shi ne kuma girman da duk lissafin da zan yi a nan ya hau kansa. Balami kuwa ko babban Uda, irin wanda ake alfahari da shi a kasuwar layya, gawarsa kaɗai za ta iya kai kilo 30 ko fiye, wannan ni ba na ba kowa shawarar ya gasa shi ɗungurungum sai in sana'arsa ce, dan kafin zafi ya ratsa tsakiyar cinya gadon baya ya bushe ya zama kamar kilishi. Raguna biyu matsakaita sun fi ƙato ɗaya saurin nuna, sun kuma fi taushi. Kuma daga kilo 18 ɗin nan, bayan ƙashi da kitsen da ya narke da ruwan da ya fita, naman da zai hau faranti bai fi kilo 7 zuwa 8 ba, zai ishi mutum 35 zuwa 40 in akwai shinkafa ko gurasa a gefe, in kuma samari ne zalla ka rage lissafin.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne rago ba nama ɗaya ba ne. Haƙarƙari siriri ne, awa biyu ya gama. Naman gadon baya ba shi da jijiya, da ya wuce lokacinsa ya bushe. Cinya kauri gare ta, zafi na daɗewa kafin ya kai ƙashi. Kafaɗa da wuya kuwa jijiya ce fal, ko sun nuna ba sa yin laushi sai sun daɗe a wuta jijiyar ta narke ta zama kamar danƙo. A ma'aunin zafi, tsokar rago ta halatta a ci ba fargaba daga digiri 63 na Celsius in an bar ta ta huta minti 3, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma 70 take cewa dan a samu natsuwa, mu nan ma ai ba mai son ganin ja a nama, so 72 zuwa 75 a cinya shi ne daidai bakinmu. Amma kafaɗa sai ta kai 88 zuwa 93 kafin ka ja ta da yatsa ta saɓule daga ƙashi. To ka ga dabba ɗaya, wuta ɗaya, amma lokacin sauka uku ko huɗu. Duk bambancin hanyoyin nan uku a nan yake, wacce ce za ta ba ka damar sarrafa wannan rashin daidaiton.

Mu fara da ɗungurungum tunda ita kowa ke sha'awa. Gaskiya ba abin da ya kai ta kwarjini, rago guda yana juyawa yana ɗigar da mai, ƙamshi ya cika layi, yara sun kewaye, baƙo tun daga bakin ƙofa ya san an girmama shi. Amma ita ce ta fi kowacce cin lokaci da wahala. Rago mai kilo 18 zuwa 20 a kan buɗaɗɗen garwashi ka ware masa awa 5 zuwa 6 in iska a kwance take, kuma fa awannin nan ba na zama ba ne, in ba ka da injin juyawa to mutum biyu ne za su riƙa karɓa-karɓa, duk minti 10 zuwa 15 a ɗan juya kwata. Tazarar nama da garwashi kamar kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ko ya ɗan fi. Gwajin da nake yi shi ne in kai tafin hannuna daidai inda naman yake in ƙirga, in na kai 8 zuwa 10 kafin in janye to wutar ta yi, in a 4 na janye to ƙona waje za ta yi ta bar ciki ɗanye. Garwashin kuma ba shimfiɗa shi ake ko'ina ba, tsibi biyu ake yi, ɗaya ƙarƙashin cinyoyi ɗaya ƙarƙashin kafaɗu, tsakiya wajen ciki da haƙarƙari a bar shi kusan babu komai sai tire ko yashi da zai tari mai, dan in kitse ya ɗiga kan garwashi wuta ce za ta tashi ta yi wa naman baƙi da ɗaci. Sannan ɗauri, a ɗaure ƙashin baya da rodin da waya a wuri uku ko huɗu, dan nama na nuna yana tsukewa, bayan awa uku sai ka ga rodi na juyawa rago na tsaye wuri ɗaya, gefe guda na cin wuta, kuma gyara ɗauri a kan zafi aiki ne mai haɗari.

Babban maƙiyin wannan hanyar iska ce. A hunturu, Disamba da Janairu, iskar nan mai ƙura tana kwashe zafin kafin ya isa jikin naman, gashin awa 5 sai ya koma 7 kana kallo, ga gawayi na ci kamar ana hura shi da zugazugi. Dole a kafa kwanon rufi ko a jera bulo a ɓangaren da iskar ke fitowa. A damina kuwa, musamman Agusta, hadari ɗaya ya isa ya tarwatsa komai. Gawayi ma ita ta fi sha, ni dai ban taɓa gama irin wannan gashin da ƙasa da kilo 20 ba, wani lokacin 25, so babban buhu guda ka tanada ka kuma ajiye rabin wani a gefe.

Mutanenmu na Nijar suna da nasu salon da ya fi wannan dabara ta wani fannin. Duk wanda ya yi babbar sallah a Yamai ya ga yadda ake buɗe raguna a ɗaure su a jikin sanduna biyu da aka gicciya, a kafa su a tsaye a kewaye wutar itace a bakin titi, tun hantsi har dare, sai washegari ake rabo. Wutar a gefe take ba a ƙasa ba, saboda haka mai ba ya ɗiga cikinta, kuma wuta ɗaya na gasa raguna da yawa. Amma ka lura, wuni guda suke ba shi kuma ba wanda ke zaune da faranti yana jira, manufar ma har da busar da naman dan ya daɗe. Ga mai bikin da ya buga kati ya ce ƙarfe 8, wannan salon sai in ya fara tun safe.

Hanya ta biyu ita nake so, kuma ba zan ɓoye ba. Duro mai lita 200 da mai walda ya raba a kwance ya sa masa hinji ya zama murfi, da raga a ciki da ƙofar iska a ƙasa da ɗan bututun hayaƙi a sama. A fasa ƙirjin rago, a sassari ƙashin baya ta ciki da gatari ba tare da an raba shi biyu ba, a danne ya kwanta. Rago mai kilo 18 yana shiga da ƙyar in an naɗe ƙafafu, in ya fi haka sai a raba shi tsagi biyu ko a nemi tanki mafi girma, ka auna tun jajibiri kar ranar ta zo ana neman zarto. Amfanin murfi shi ne zafi na zagaye naman ta ko'ina kamar tanda, iska ba ta da iko da kai, gawayi kilo 10 zuwa 12 ya isa, kusan rabin na waccan kenan, kuma juyi ɗaya tak ake yi. A riƙe zafin cikin duron tsakanin digiri 120 da 140. A fara da ɓangaren ƙashi yana kallon wuta kamar awa 3 da rabi, dan ƙashi na kare naman, sannan mutum biyu su kama da tsumma mai kauri su juya bayan ya kalli ƙasa na awa 1 da rabi zuwa 2. Jimla awa 5 zuwa 5 da rabi, kusan daidai da waccan, so kar wani ya ce maka duro ya fi sauri sosai, ba sauri ne amfaninsa ba, tabbas ne. In na ce awa 5 da rabi a duro to da wuya ya wuce 6, a buɗaɗɗiyar wuta kuwa in na ce 5 da rabi ina faɗa ne da in Allah ya yarda iska ba ta taso ba.

Inda ake samun matsala da duro shi ne leƙe. Kowa ya zo sai ya ce a buɗe ya gani, kawu ya zo a buɗe, abokan ango su zo a buɗe, kuma duk buɗewa ɗaya zafin da aka tara ya gudu, sai an ƙara kamar minti 10 kafin ya dawo. Buɗewa shida awa guda kenan ta tafi a banza. Ka sa mutum ɗaya mai iya cewa a'a cikin ladabi ya tsaya a wajen. Sai kuma wani abu da ke tsorata sabon shiga, wajen awa na uku zuwa na huɗu in kana da abin auna zafi za ka ga ya tsaya cak tsakanin 65 da 72, minti 40 ko awa guda bai motsa ba. Ba wutar ce ta mutu ba, ruwan jikin naman ne ke fitowa yana tashi yana sanyaya shi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. A nan ne mutane ke ruɗewa su zuba gawayi shebur uku su ƙona komai. Haƙuri ake, ko kuma in lokaci ya matse a lulluɓe kafaɗu da cinyoyi da foyil, wato takardar alminiyam ta naɗe abinci, ruwan ya daina tashi, zafin ya ci gaba da hawa. Haƙarƙari da gadon baya ma tun awa na biyu da rabi nake rufe su da foyil dan kar su bushe kafin sauran su iso.

Amma dan Allah a duba asalin duron. Wanda aka zuba sinadari ko maganin feshi ko man inji a ciki ba na abinci ba ne ko an wanke, a nemi wanda aka san na man girki ne ko makamancinsa, a kuma ƙona shi da wuta mai ƙarfi fenti ya fita tas kafin ranar. Raga mai rufin zinki ita ma a guje ta. Kuma kar a shigar da gawayi cikin gareji ko zaure a rufe wai dan gudun ruwa ko iska, hayaƙin gawayi da ba a gani ba a jin warinsa yana kisa, rumfa mai buɗaɗɗen gefe ake nema.

Nan ne ma zan ja kunnen masu kallon bidiyo a YouTube. Yawancin waɗanda za ka gani suna gasa dabba guda a irin wannan tanki mai murfi Amurkawa ne, musamman mutanen Karolina ta Arewa da abin ya zama al'adarsu, kuma alade suke gasawa, wanda mu ba ruwanmu da shi. Lissafinsu na kusan awa guda ga kowane kilo 4 da rabi a kan wuta mai sanyi, har su kwana suna yi, an gina shi ne kan dabbar da ke da fata a jikinta da kitse mai kauri da ke kare tsoka. Ragonmu an feɗe shi, kuma na kiwon Sahel ne mara kitse sosai, in ka ba shi awa 10 ko 12 irin nasu igiya za ka sauke. Tsarin tankin da yadda suke tara garwashi a ƙarƙashin kafaɗa da cinya za ka iya ɗauka, agogon ne ba naka ba. Wanda ya ɗan yi kusa da nasu a wajenmu shi ne ragon da aka babbake aka bar fatar, shi kam yana riƙe ruwa kuma yana jure ƙarin awa guda. In kuma taure ne ko bunsuru to ya fi rago rashin mai, sai an dage da shafa man gyaɗa ko man shanu.

Ta uku, gunduwa-gunduwa, ita ce wadda mutane ke rainawa dan ba ta da hoto, amma ka je tukubar duk wani tsohon mai nama ka ga ko rago guda yake ɗorawa. Shi da ke wannan aikin kullum ya san dalili. In an raba, kowane yanki na hawa a lokacinsa ya sauka a lokacinsa. Kafaɗu da wuya su fara hawa dan suna son awa 3 zuwa 3 da rabi a gefen wuta, bayan awa guda cinyoyi su bi, in an tsaga su an buɗe tsokar kusa da ƙashi awa 2 zuwa 2 da rabi sun gama, haƙarƙari awa 1 da rabi zuwa 2, gadon baya minti 30 zuwa 40, hanta da ƙoda kuwa na masu aiki ne minti 15 an cinye. Gaba ɗaya awa 3 da rabi ka kammala, gawayi kilo 8 zuwa 10, mutum ɗaya da yaro mai miƙo masa kaya sun isa. Kuma in wani yanki bai yi ba shi kaɗai za a mayar, sauran na kan tire ana rabawa. Abin da ka rasa kawai shi ne wancan kwarjinin, da kuma ɗan bambancin ɗanɗano, dan naman da ya nuna a jikin ƙashinsa gaba ɗaya a hankali yana da wani danshi da gunduwa ba ta cika kaiwa ba sai an nannaɗe ta ta turara a ƙarshe. Masu balangu da takarda suke wannan naɗin su yayyafa mai da albasa su tura gefen wuta, a gida foyil ya fi, takardar buhun siminti dai a bar ta.

To wacce za ka ɗauka? Ni ga yadda nake yanke wa mutane. Ranar suna, ragon da safe ake yanka shi bayan an raɗa suna, kafin mahauci ya gama fiɗa da gyara ƙarfe 9 ta yi ko ta wuce, in ka ce ɗungurungum to sai bayan la'asar za a ci, alhali mata sun cika gida tun azahar. Nan ba shawara biyu, a raba shi, ƙarfe 1 nama ya sauka. Walimar da za a yi bayan la'asar, kamar 4 da rabi, duro ya dace amma sai an kunna wuta 7 da rabi na safe nama ya hau 8 da rabi, wanda ke nufin yanka tun jiya ko da asuba. Liyafar dare bayan isha'i ita ce kaɗai nake yarda a yi ɗungurungum a fili ba tare da gabana na faɗuwa ba, dan wunin gaba ɗaya naka ne. In kuma karonka na farko ne, ko wane irin biki ne, kar ka koyi juya rago a kan baƙin mutane, ka yi gunduwa ko duro, ka bar ɗungurungum sai wata ranar da ku kaɗai ne a gida.

Lissafin kuma daga baya ake yinsa zuwa gaba. A ce ƙarfe 8 na dare za a ci. Yanka da jerawa a tire minti 30, so 7 da rabi wuƙa ta hau. Kafin nan naman na buƙatar hutu minti 30 a rufe dan ruwansa ya koma ciki, in ka yanka da zafinsa duk romon a kan katako zai ƙare, to 7 kenan. Sai ka ƙara awa guda ta ko-ta-kwana, wadda ba a taɓa cire ta, ya zama burinka naman ya gama ƙarfe 6, kafin magariba, dan kowa ya samu ya yi sallah hankali kwance ba a bar wuta a hannun yara ba. Cire awa 6 na gashi, nama ya hau 12 na rana. Gawayi na son minti 40 zuwa awa guda kafin ya kama ya yi farar toka a sama, so ashana ta kyasta 11. Ɗauri a rodi ko shimfiɗawa a raga da shafa gishiri ƙarfe 10. Ka ga ragon da za a ci bayan isha'i aikinsa tun hantsi ya fara, mu kuma a waccan walimar bayan azahar muka ɗora muna jiran magariba, awa 4 da ɗan kai, ta ina zai nuna.

Kar ka ji tsoron gamawa da wuri. Naman da ya gama ƙarfe 6 in ka nannaɗe shi da foyil ka lulluɓa tawul mai tsabta ka saka a babbar kula, ko ka bar shi cikin duron ka toshe ƙofar iska garwashi ya lafa, zai riƙe zafinsa awa 2 har 3 kuma ƙara laushi ma yake. Sharaɗin dai kar ya sauko ƙasa da digiri 60. Abin da ba a yi shi ne a baje shi a tire a fili, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a zafin Afrilu kuwa da Kano ko Sakkwato ke kai 40, awa guda ma ya isa, ga ƙuda. Haka ɗanyen ma, in an yanka tun jiya to a firiza ko cikin ƙanƙara zai kwana ba a rataye a tsakar gida ba, kwanan nan a sanyi yana sa tsokar ta saki ta fi taushi, amma kar a bari ya daskare, dan ragon da ya zama dutse kwana guda ba ya isarsa ya narke har ƙashi, kuma in ka ɗora shi da ƙanƙara a cinya ka ƙara wa kanka awa biyu. In ba ka da tabbacin wutar lantarki ko janareto, gara a yanka da asuba a wuce da shi wuta kai tsaye, zai ɗan fi tauri amma doguwar wuta mai sanyi na gyara wannan.

Wasu na son cusa shinkafa ko kuskus a cikin ragon a ɗinke, irin na liyafar manya. Yana da kyau a ido, amma ciki a cike yana hana zafi shiga ta tsakiya, ƙarin awa guda ne aƙalla, kuma abin da aka cusa ya sha ruwan ɗanyen nama so shi ma sai ya kai 74 kafin a ci. Ni dafawa nake sa a yi daban da romon wuya da ƙashi, in rago ya sauka a zuba a ciki a kai gaban mutane, ba wanda zai gane bambanci a baki.

Gawayin kansa yana canja agogo. Na itace mai nauyi irin ƙirya, wanda maƙera ke nema, ko marke, yana riƙe wuta kusan awa guda kafin a ƙara, mara nauyin nan da ke tartsatsi minti 30 ya zama toka. Ka ɗaga buhun ka ji nauyinsa, ka karya guda ka ji ko yana ƙara kamar ƙarfe. Kuma kar ka riƙa zuba baƙin gawayi kai tsaye ƙarƙashin nama, zafi zai faɗi minti 15 ga hayaƙi mai ɗaci, ka hura wuta ta biyu a gefe a cikin kurfoti ko rabin garwa, kana ɗebo jan garwashi da shebur duk minti 40 zuwa 45. Kalanzir ko fetur ko leda wajen kunnawa kuwa warinsu na bin nama har faranti, ƙirare da kwali sun wadatar.

Yaji shi ne na ƙarshe. Garin ƙuliƙulin da ke cikinsa ba ya jure doguwar wuta, in ka barbaɗa tun farko kafin awa biyu ya ƙone ya yi baƙi. Farko gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari a cikin man gyaɗa, a soka wuƙa a cinya da kafaɗa a tura ciki. A buɗaɗɗiyar wuta a riƙa shafa mai duk rabin awa, a duro sai lokacin da aka buɗe dan ƙara garwashi kawai. Yajin tsire ya hau a minti 20 na ƙarshe, sauran a kai teburi da albasa da tumatir da kabeji. In ba ka da abin auna zafi, duk da yanzu ana samunsa a shagunan kayan kicin, to ka soka siririyar wuƙa a mafi kaurin cinya har ta taɓa ƙashi, ka bar ta ka ƙirga 10, ka zaro ka duba ruwan da ya biyo ta, in da sauran ja ko ruwan hoda a mayar da murfi a ƙara minti 30, in ya fito garau kuma ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi a bayan hannu to cinya ta yi. Kafaɗa kuma ka kama ƙashin hannun da tsumma ka murɗa, in ya juya a sake kamar zai zare a sauke.